Ranar da Ƙarfe Ya Hau Dabinon Garbai

Duk wanda ya ci dabinon kwarin Gure a shekarun nan da nake ba ku labari, to ya ci albarkacin ƙafafun Garbai, ko ya sani ko bai sani ba. Mutum ne gajere, kakkaura, ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka, tafinsu kuwa ya yi kanta har ƙaya ba ta shigarsa. In yana tafiya a ƙasa sai ka tausaya mishi, don agwagwa ma ta fi shi iya taku. Amma bari ya ɗaura igiyar kaba a ƙugu ya rungumi dabino, kai! Kafin ka rufe baki daga gaisuwa ya ɓace cikin ganye, sai waƙarsa kake ji daga sama. Waƙar ma dai a yi sha'ani, don murya ba ta cikin abin da Allah ya ba shi.

Sana'arsa aurar da dabino, kuma a hannun ubansa Ibram ya gaje ta. Ga wanda bai tashi a Manga ba, bari in faɗa mishi: dabino akwai namiji akwai mace, kuma macen ba ta yin ƴaƴan kirki sai an kai mata furen namiji. Da sanyi ya kama furanni suka fashe, sai Garbai ya hau namijin ya tsinko, ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana cusa musu yana ɗaurewa da kaba. Masu hawa ba su yi kaɗan ba a kwarin, amma kowa ya san hannu ya fi hannu. Macen da Garbai ya aurar, in zafi ya yi, sai an tallafe mata ƴaƴa da igiya don kada nauyi ya ɓalle su. Da hannun nan ya yi aure, da shi ya ciyar da matarsa Yabawa da ƴarsu Biba da ƙannenta, don ranar saukewa kowane mai dabino yakan ware mishi rabonsa.

Sana'ar tana da doka ɗaya, kuma ba mai tsallake ta. Daga ranar da aka aurar da macen dabino har ranar da za a sauke ƴaƴanta, ƙarfe ba ya hawa kanta. Wuƙa, zobe, ko allurar da ka soke a hula, duk a gindi ake barinsu. Tsofaffi sun ce ƙarfe yana sa ta ɓari, ta zubar da ƴaƴa tun suna kore. Shi kuma wanda ya kai ƙarfen, hannunsa ya yi ɗaci ke nan, duk macen da ya taɓa daga baya juya za ta zama. Kada ku tambaye ni ko gaskiya ne. Ni dai na san ba wanda ya taɓa gwadawa, don dabino ba gero ba ne balle ka ce baɗi na sake shuka. Mai tsaron dokar a lokacin shi ne Ba Fannami, tsohon da ya fi kowa yawan dabino a kwarin, kuma ya fi kowa riƙo in aka saɓa mishi.

To, a shekara ta alif ɗari tara da talatin da biyar a lissafin Nasara, aka kawo wa barikin Gure wani akwati a bayan raƙumi. Tesef ake ce mata, waya ce wadda ba ta bin igiya. Tare da ita aka turo mai bugunta, wani Badamagare dogo siriri mai suna Abarshi, ana kiransa Mushe Abarshi kamar yadda ake kiran duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko. Yakan kifa wasu ƙoƙuna biyu baƙaƙe a kunnuwa, ya dinga ƙwanƙwasa wani ɗan ƙarfe da yatsa, wani gardi kuma yana gefe yana murza hannun inji, gumi yana zuba. Aka kafa dogayen sanduna biyu a kan tudun bariki, aka miƙe wayar tagulla tsakaninsu. Sannan aka buga wani turken ƙarfe cikin rairayi, aka haɗa shi da akwatin.

Turken nan shi ya zama abin dariyar gari. Kowace safiya sai a ga Mushe Abarshi, da wandonsa na ƴan biro, wato ofis, ya ɗauko tulu yana yi wa ƙarfe ban ruwa. Mata masu zuwa rijiya har tsayawa suke yi suna riƙe ciki. Garbai kuwa, in aikin dabino ya lafa, shi ke kai ruwa bariki a kan jaki, don haka ruwansa ne ake zuba wa turken. Ran nan ya kasa daurewa.

"Mushe, yaushe za ta yi fure in zo in aurar maka da ita?"

Abarshi ya yi dariya. "Ya Garbai, zauna ka ji. Abar nan da ƙafa biyu take tsayawa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ta saman tana son tsawo, ta ƙasan tana son laima. In rairayi ya bushe, ta gurgunce ke nan."

Ya ɗauki ƙoƙunan ya kifa mishi a kunne. Garbai ya ji wani siririn kuka kamar na gyare, yana yankewa yana dawowa. Abarshi ya ce mishi wannan Damagaram ce take magana. Garbai ya zare ido ya ce, "La'ilaha illallahu! Damagaram ɗin da raƙumi ke yin kwanaki kafin ya kai?" Daga ranar ya kamu, jakinsa ma ya koyi tsayuwa a ƙofar ɗakin tesef ba tare da an ce mishi tsaya ba.

Abin da ya dami Garbai shi ne, me ya sa wata rana take ji, wata rana ba ta ji? Kuma tun farko ya yi kuskuren da duk mai hawan dabino zai yi. Ya shekara da shekaru a sama yana jin gangunan biki daga ƙauyuka, ya san iska ce ke ɗauko sauti ta kawo. Saboda haka sai ya lashi yatsa ya ɗaga, ya ce, "Mushe, yau iskar yamma ce, za ka ji Damagaram kamar a bayan danga." A kunna, shiru. Gobe iska ta juya gabas ya ce, "Yau kada ma ka wahal da gardi." A kunna, sai ga Damagaram tana ɓaɓatu. Har ya taɓa kawo zana da kansa zai kare wa akwatin iska, Abarshi ya yi dariya har da hawaye. Garbai ya ji haushi ƙwarai, ya naɗe zanarsa ya yi tafiyarsa, washegari ma Biba ya aiko da ruwan.

Amma mutumin akwai taurin kai, kuma taurin kan nan ne ya amfane shi. Ya dawo, ya watsar da zancen iska, ya sa ido ga sauran abubuwa. Abarshi ya gaya mishi abin da aka koya musu a Damagaram, shi kuma ya ƙara da abin da yake gani a kwari da tudu, suka dinga haɗawa. Suka tabbatar tesef ta fi ji daga asuba zuwa kafin hantsi, da kuma in rana ta yi ja za ta faɗi. Da tsakar rana kuwa kurma ce. In sanyi ya yi, kunnenta yakan miƙe har ta jiyo Yamai da Agadas da Lami. In damina ta kama, ko hadarin yana can bayan garin Gamu ba a ma gan shi ba, sai ta dinga ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Har Garbai ya mai da ita abin dubansa, in ya ji suyar ta yi yawa sai ya aika gida Yabawa ta kwashe shanya. Babban abin da ya fahimta kuwa shi ne, kunnenta ya fi bakinta nisa. Tana iya jin gari, garin bai ji ta ba, don injin Damagaram babba ne, nasu kuwa ƙarfin damtsen gardi ne kawai.

Sai abin ya zama musu wasa. Kowace safiya in Garbai ya sauke tuluna, ya dubi sama, ya nutsa babban yatsan ƙafa cikin rairayi, sai ya yanke hukunci. "Yau bakinta zai kai Damagaram." Ko kuwa, "Yau ko Gidigir ba za ta wuce ba." Abarshi ya kunna ya gwada. Wata rana Garbai ya dace, wata rana ya sha ƙasa, amma da tafiya ta yi tafiya dacewarsa ta fi yawa. In ya dace, ku zo ku ga taƙama! Sai ya hau jaki ya sauko kwari yana gaya wa duk wanda ya tsaya, da wanda bai tsaya ba.

Haka aka yi ta yi har bazarar shekara ta talatin da tara, wadda har yanzu tsofaffin Gure ba sa son a ambata. Sanƙarau ya shigo gari. Mutum yana lafiya da safe, da la'asar wuyansa ya sandare, washegari a kai shi. Kumandan ya tafi rangadi arewa, ba a san ranar dawowarsa ba. Ma'aikacin lafiya ɗaya ne a bariki, kuma ba abin da ke cikin akwatinsa sai auduga da maganin miki. Kamar hakan bai isa ba, guguwa ta taso ta karya sandunan tesef duka biyu. Aka ɗaɗɗaure su, amma sun gajarce. Rairayin tudu kuwa ya yi zafin da in ka zuba wa turke ruwa, kafin ka aje tulu ya shanye.

Wata la'asar Garbai yana ban ruwan albasa a lambunsa cikin kwari, sai ga Abarshi ya gangaro, idanunsa jajawur.

"Ya Garbai, ina jin Damagaram, ita ba ta ji na. Na ji suna gaya wa wasu garuruwa sabon magani ya iso, lokotoro, babban likita, zai fita da shi a kamiyo, motar kaya, zuwa inda cutar ta fi tsanani. Kowa yana faɗin nasa. Mu da muka yi shiru, ɗauka za su yi lafiya muke."

"An tura mai doki, ai."

"Kafin ya kai, kamiyo ya yi wani wajen. Ina son ƙasa mai laima. Ku nan da kamu ɗaya kuke tarar da ruwa, ga kanwa a ciki, kuma turke yana son ruwa mai kanwa. Ka ba ni wuri."

Garbai ya ce lambun nasa ne, ya yi yadda ya ga dama da shi. Kafin magariba an sauko da akwati da inji a kan jaki, an buga turke a gefen rijiya, ya nutse cikin taɓo ba wuya. Aka ɗaura waya tsakanin wata goruba da namijin dabino ɗaya da ke wurin, tunda namiji doka ba ta hau kansa ba. Amma da aka kunna, sai suyar gyaɗa, hadari yana wani wuri mai nisa. Garbai ya ce a bari sai asuba.

Ana idar da sallar asuba mutane suka cika lambun, don labari ya bazu. Ba Fannami ya zo da sandarsa. Yabawa ta zo ta tsaya bayan danga. Akwai kuma Ya Kellu, wata gwauruwa mai ƴan dabino kaɗan a ƙarshen kwari, wadda ɗanta tilo Ma'azu, saurayin da ke noma mata, yake kwance wuya a sandare. Ta bar shi wurin maƙwabta ta zo ta tsuguna kusa da akwatin.

Gardi ya kama murzawa. Abarshi ya buga, ya saurara, ya sake bugawa. Can sai ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Ya daɗe yana saurare, sannan ya zame ƙoƙo ɗaya daga kunne.

"Sun ji motsinmu, ba su ji maganarmu ba. Suna tambaya wane ne. Ƙasa ta yi, saura tsawo. Gorubar nan ta yi gajarta."

Duk idanu suka tafi wuri ɗaya. A tsakiyar lambun akwai macen dabinon da Ibram ya shuka tun Garbai bai iya tafiya ba, kuma duk kwarin ba mai tsawonta. Ga ƴaƴa kore shar sun yi mata ɗamara, Garbai da hannunsa ya aurar da ita a sanyin da ya wuce. Abarshi ya san dokar, don haka ya sunkuyar da kai bai roƙa ba. Wannan kam a yaba mishi.

Ba Fannami ya buga sanda a ƙasa. "Ɗan Ibram, na ga inda idonka ya tafi. Dawo da shi. A je a saro dogayen itatuwa a haɗa, a kafa."

Garbai ya dubi gabas. Gefen tudu ya fara yin ja. Duk taron nan ba wanda ya kai shi sanin abin da hakan ke nufi, shi da ya shekara huɗu yana auna bakin tesef da yatsan ƙafa.

"Baba, kafin a haɗa itace hantsi ya yi. In hantsi ya yi ta kurmance. Da yamma kuma hadarin jiya zai dawo. Yanzu ne, ko kuwa sai gobe, goben ma wa ya sani."

"To ka ji da kunnenka a gaban mutane," in ji tsohon. "In ka kai ƙarfe kan macen nan, ba kai ba dabinona har abada. Kuma ba ni kaɗai ba. Ba ƙiyayya ba ce, ɗana. Abincin jikokinmu ne a saman itatuwan nan, ba zan sa shi a caca ba."

Kada ku ɗauka Ba Fannami mugu ne. A gidansa ma an fitar da gawa a makon. Tsoro yake ji na gaskiya, kuma mutanen da suka gyaɗa kai a bayansa su ma haka.

Yabawa ta matso bakin danga. "Baban Biba, da me za mu ci?"

Tambayar nan ta soki Garbai. Ba shi da gonar kirki, ba shi da garke, hannun nan shi ne gadonsa duka. Kuma kada ku yi zaton bai yarda da dokar ba. Ya yarda da ita kamar yadda ubansa ya yarda, bai taɓa hawa da ko allura ba. Ya tsaya yana duban tafin hannunsa. Sannan ya dubi Ya Kellu a tsugune, ta ƙura wa akwatin ido kamar ɗanta ne a ciki.

"Yabawa, ana ta kai wa yake ta kaya? Mushe, kwance wayar ka ba ni bakinta."

Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya naɗa bakin wayar a wuyan hannu, ya ce bismillah. Wani daga cikin taron ya yi salati da ƙarfi. Ba Fannami ya juya baya don kada ya gani. Ni kuwa ina gaya muku, waɗanda suka gani sun ce Garbai bai taɓa yin hawa irin na ranar ba. Babu gaggawa, babu tsayawa, wayar tagulla tana binsa tana walƙiya. Ya ratsa tsakanin ƴaƴan a hankali don kada ya goge su, ƙaya ta yage mishi kafaɗa bai kula ba, ya kai har ƙololuwa inda sabon ganye ke fitowa, ya ɗaure ta yadda Abarshi ya nuna mishi. Daga can ya leƙo ya daka tsawa.

"Ku murza! Me kuke kallo?"

Gardi ya riga ya gaji, hannunsa ya mutu. Wani manomi ya ture shi ya kama, da ya gaji wani ya karɓa. Har cikin waɗanda suka gyaɗa wa Ba Fannami kai akwai waɗanda suka murza, ɗan Adam ke nan. Abarshi ya buga, ya buga, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Rana ta leƙo bisa tudu, haskenta ya fara sauka kan ganyen dabinon inda Garbai yake maƙale. Sai yatsan Abarshi ya tsaya. Ya danne ƙoƙunan da hannu biyu, bakinsa yana motsi. Sannan ya miƙe tsaye har ya kusa fizge igiyar akwatin.

"Sun ji! Sun ce Gure, muna jin ku, ku faɗi!"

Ya zauna ya faɗa musu komai, gidajen da cutar ta shiga da waɗanda aka binne. Suka ce lokotoro zai biyo hanyar Gure. Bai gama sallama da su ba muryar ta fara dusashewa, ba a jima ba ta ɓace, don hantsi ya yi. Garbai ya sauko, kafaɗa tana jini, yana haki, ya ce wa Abarshi, "Ban gaya maka ba?" Ko a ranar ma bai bar taƙama ba.

Kamiyo ya iso bayan ƴan kwanaki, ya sha kafewa a rairayi a hanya. Lokotoro ya kafa rumfuna a bayan gari, aka yi ta ba mutane magani. Da yawa sun tashi, har da waɗanda aka riga aka fid da rai da su. Da yawa kuma bai riske su ba. Ma'azu na Ya Kellu yana cikin waɗannan, an binne shi tun kamiyon yana hanya.

Yanzu ga inda labarin ke ɓata mini rai. Da na so in ce muku dabinon Ibram ta yi ƴaƴa fiye da kullum, kowa ya ji kunya. Ba haka aka yi ba. Ta zubar da wasu tun suna kore. Ko zafin shekarar ne, ko wayar ce, Allah masani, don wasu dabinai da ƙarfe bai je kusa da su ba su ma sun zubar. Amma wa zai tsaya duba wannan? Ba Fannami ya tsinci ɗaya a ƙasa, ya nuna wa mutane, bai ƙara da komai ba.

A kasuwa kuwa Garbai ya zama abin nuni. Ana ce mishi sannu da ƙoƙari, ana nuna wa baƙi shi, masu goro suna ba shi kyauta. Kumandan da ya dawo ya kira shi biro ya ba shi hannu. Amma da sanyi ya zagayo furanni suka fashe, ba wanda ya yi sallama a ƙofarsa. Ɗan Talata aka kira, wani mai hawa da a da in Garbai yana sama shi ke riƙe mishi kaba a ƙasa. Mutanen da ƴaƴansu suka tashi daga rumfar lokotoro, su ne in sun hango Garbai sai su canza hanya don kunya. Yabo a baki, dabino a hannun Ɗan Talata. Tir da wannan hali, kuma na faɗa ko jikokinsu suna ji!

Abarshi ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya nemar mishi aikin murza inji a bariki, Garbai ya ce ya gode, shi ba mai niƙa ba ne. Ya ci gaba da kai ruwa, yana kuma yanke wa tesef hukuncinta kowace safiya, amma muryarsa ta rage. Yabawa ta kama saƙar tabarma tana kaiwa kasuwa, kuma ko sau ɗaya ba ta ce mishi ai na gaya maka ba. Shi dai da hantsi sai ya zauna a ƙofar gida yana juya hannuwansa, ƙamshin furen namiji yana tasowa daga kwari yana shiga hancinsa. Wanda bai yi sana'a ya rasa ta ba, ba zai san zafin wannan ba.

Yana zaune haka wata safiya, sai ga Ya Kellu. Ta rame, ta tsufa a shekara guda. A hannunta akwai furen namijin dabino naɗe cikin tsumma, ta roƙo shi ne wurin wani maƙwabci. Ta biyo ta tsakiyar unguwa da shi a fili, inda kowa zai gani, har ta wuce ta gaban dakalin da Ba Fannami ke zama, ta gaishe shi ta wuce. Ta zo ta aje furen a kan tabarmar Garbai.

"Tashi. Matan dabinona sun buɗe tun shekaranjiya."

Garbai ya dubi furen, bai taɓa shi ba. "Ya Kellu, ba ki ji abin da aka ce ba? Hannuna ya yi ɗaci."

"Na ji."

"Ƴan dabinon nan su kaɗai suka rage miki. Ba ki da mai noma miki yanzu. In suka zama juya, me za ki ci? Je ki kira Ɗan Talata, wallahi ba zan ji haushi ba."

"Da Ɗan Talata nake so, na san ƙofarsa."

Sai Garbai ya faɗi abin da ke cinsa tun bazara, wanda ko Yabawa bai gaya wa ba. "Ni ban yi miki komai ba, Ya Kellu. Lokotoro bai riski Ma'azu ba."

"Bai riske shi ba," in ji ta. "Amma da na koma gida ran nan yana da sauran ji. Na sa baki a kunnensa na ce, Ma'azu, an kira maka taimako, Damagaram ta amsa. Ya matse mini yatsa. Ɗana bai tafi yana zaton an bar shi ba. Kuma kwarin nan cike yake da maza a safiyar, na ga wanda ya hau. In juya za su zama, su zama a hannunka."

Garbai ya kau da kai ya goge ido da gefen riga. Ya zare zoben da ke yatsansa ya aje a kan tabarma, ya laluba hularsa ko akwai allura. Sannan ya ɗauki furen da hannu biyu, ya miƙe, ya ɗaga murya yadda za a ji har dakalin Ba Fannami.

"Yabawa! Miƙo mini igiyata."